Mutumin da Ya Kulle Famfo

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, a shekarar da annoba ta kulle jama'a a gidajensu. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma kada wani ya tare ni a bakin ƙofa yana tambaya. Yana da rai har yau, abin da ke kansa ma ya ishe shi.

Mutumin nan ba ɓarawo ba ne, ba mashayi ba ne. Da kun gan shi ya shigo masallaci, da kanku za ku matsa masa a sahun gaba. Yana da gidan haya da ya gada daga mahaifinsa: ɗakuna tara suna kallon tsakar gida ɗaya, banɗaki biyu a kusurwa, famfo ɗaya a tsakiya. Shi ya daɗe da tashi, ya gina nasa a wata unguwa can ƙetaren gada. Mahaifiyarsa ce ta ƙi tashi. Ta ce a ɗakin ƙuryar nan ta haife shi, a nan mijinta ya cika, ita ma daga nan za a fitar da ita. Ya yi lallashi har ya gaji, ya bar ta.

Tsohuwar ta manyanta ƙwarai. Gwiwoyi sun ƙi, ido ya dushe, murya ta koma kamar ta mai raɗa. Da taimakon sanda take kaiwa bakin ƙofar ɗakinta ta sha hantsi, iyakar tafiyarta ke nan. Kuma ku ji wannan da kyau, don kada ku ce labarin ɗan da ya wulaƙanta uwarsa nake ba ku: mutumin nan yana son mahaifiyarsa. Kullum da safe sai ya ƙetare gada da kwanon abincinta, ya durƙusa ya gaishe ta, ya duba magungunanta, sannan ya wuce shago.

Amma awa ɗaya ce tasa a cikin ashirin da huɗu. Sauran fa, wa ke da su?

Wata mai ɗinki ce, ɗakinta jikin na tsohuwar. Mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ya bar ta da keken ɗinki da 'yar jaririya. Bango ɗaya ne tsakaninsu, don haka suka yi wata dabara. Idan tsohuwa na son ruwa, ko za ta kewaya, ko kuwa kaɗaici ne kawai ya dame ta, sai ta ɗauki sandarta ta buga bangon sau uku. Keke ya tsaya, mai ɗinki ta amsa, "Ga ni nan, Inna!" Shekara shida ana haka. Ba a ɗauke ta aiki ba, ba ta taɓa neman a rage mata ko kwabo a kuɗin haya ba. Ita ke yi wa tsohuwa wanka, ita ke taje mata kai, har tsokanarta take yi, wai ta fi jaririyar rigima. Mai gidan ya san da haka, sai dai abin da mutum ya saba samu kyauta, mantawa yake yi wani ne ke yi.

Sai annoba ta zo. Kun gani da idanunku, ba sai na tsawaita ba. Aka rufe kasuwa, aka rufe makarantu, aka datse hanyoyi. Direban tasi da ke ɗakin farko ya jingine motarsa. Mai aski ya rufe shago. Mai dafa wa 'yan makaranta abinci ta zauna. Wa zai kawo ɗinki alhali ba inda za shi? Wata ya ƙare, wani ya kama, ba wanda ya iya biyan haya.

Hukuma ta fitar da doka cewa muddin ana cikin annoba, kada wani mai gida ya tashi ɗan haya. Aka kuma buɗe ofishin tallafi: ɗan haya ya cike takarda, mai gida ya sa hannu, ofis ya biya shi wani kaso na hayar, shi kuma ya yi alkawarin barin mutum a ɗakinsa har a ga bayan cutar. Ba duka kuɗin ba ne, gaskiya ne, kuma sukan yi jinkiri. Amma ba za a ce an bar shi hannu rabbana ba.

A daidai wannan lokacin wani ɗan kasuwa ya zo masa. Sabulu da takunkumi yake sarowa, kasuwarsa ta buɗe a lokacin da ta kowa ta rufe, yana neman sito kusa da babban titi. Ya ce zai kama ɗakuna takwas gaba ɗaya, ya ninka haya sau uku, ya bar wa tsohuwa nata. Sharaɗi ɗaya: a ba shi gida ba kowa kafin ƙarshen wata.

Mutumin ya kwana biyu yana juya maganar. Doka ta ce kada a tashi ɗan haya. To, idan ɗan hayar ne ya tashi da ƙafarsa fa?

Ya 'yan uwa, nan ne Shaiɗan yake zama. Ba ya cewa mutumin kirki ya yi zalunci, ya san ba zai yarda ba. Sai ya koya masa yadda zai yi zaluncin ya kuma tsira da bakinsa.

Ya fara da wuta, ya ce waya ta lalace, mai gyara kuma ba ya fitowa. Ya kulle banɗaki ɗaya, wai rami ya cika. Da ya ga mutane sun daure, sai ya kirawo mai walda, aka ƙera ɗan akwatin ƙarfe aka rufe kan famfon da shi, aka maƙala kwaɗo. Ya ce kuɗin ruwa ya fi ƙarfinsa. A lokacin da rediyo ke ta shelar a wanke hannu, a wanke hannu, shi ya kulle wa mutum kusan talatin ruwa. Da safe sai ya zo ya buɗe, ya cika wa mahaifiyarsa bokiti ɗaya, ya mayar da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihun wandonsa. Yaran gidan suna tsaye da kofuna suna kallonsa.

Duk wanda ya yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ni na kori wani? A nuna mini wanda na kora."

Direban tasi ne ya fara kwashe iyalinsa. Mai aski ya bi. Wasu suka ce za su kai ƙara, to amma ofishin yana can ƙarshen gari, ba mota, kuma yaro mai ƙishirwa ba ya jiran ranar zaman shari'a. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaure kaya, suka tafi suka cunkusu a ɗakunan 'yan uwa, mutum goma a inda aka yi don uku, a lokacin da likitoci ke roƙon a ba juna tazara. Allah kaɗai ya san su nawa cutar ta kama ta wannan hanya.

Mai ɗinki ce ta rage. Kullum takan goya 'yarta ta tafi unguwa ta uku da jarka, ta dawo kafaɗa a sage. Sau uku tana kawo masa takardar tallafi, ta cike nata gefen tsaf, layi ɗaya ya rage. A na ukun ta durƙusa a gabansa.

"Baba, sa hannu kawai. Ba don ni ba, don Inna. In na tafi wa zai ji bugun bangonta?"

Ya ce, "Uwata ce ko taki? Kafin ki zo gidan nan wa ke duba ta?"

Tsohuwar ma ta yi magana. Ta riƙe hannunsa da safe ta ce, "Ɗan nan, mahaifinka da kansa ya ja famfon nan, har maƙwabta ke shigowa ɗiba. Ka buɗe wa bayin Allah ruwa." Ya ce mata ta kwantar da hankalinta, harkar zamani ce ba za ta gane ba. Hawaye suka bi kuncinta, shi kuma ya ɗauka ciwon idon ne.

Mutum na uku da ya yi masa magana matarsa ce. Ta ce duk wanda zai tasa ya tasa, amma ya bar mai ɗinki, don ita ce idonsu a gidan. Ya ce ya ji.

Bai ji ba. Ya aika aka cire ƙofar ɗakin mai ɗinki, wai gara ta ci katakon za a canza. Mace da jaririya, ɗaki ba ƙofa, gida ba kowa! Ta kwana uku da zane a rataye a bakin ɗakin. Ranar Talata ta sayar da wayarta ta ɗauki mai kura, aka ɗora keken ɗinki da katifa. Ta shiga ta rungume tsohuwa, suka yi kuka. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya bari ta riƙa leƙowa da rana. Ya ƙi, don ya san dokar: idan ta sake sa ƙafa a ɗakin ta ce a nan take zaune, ba mai iya fitar da ita. Sai ya sayo wani kwaɗon babba ya kulle ƙofar gidan ta waje. Makullai suka zama biyu a aljihunsa.

Da ya koma gida matarsa ta tambaye shi, "Mai ɗinki tana nan ko?" Ya ce, "Tana nan." Kalma biyu, ya 'yan uwa, don gudun mitar mace. Ya ce a ransa kwana huɗu ne kawai, ɗan kasuwa zai shigo da ma'aikatansa, gida zai cika da mutane. Shi kuma ai kullum yana zuwa.

Laraba ya zo. Alhamis ya zo, jikinsa na ɗan zafi, ya cika bokitin da ƙyar, ya ajiye mata abinci. Ta ce, "Gidan ya yi shiru, ɗan nan." Ya ce, "Gobe da wuri zan zo, Inna." Ya kulle famfo, don hannunsa ya riga ya saba, ko da yake ba sauran wanda zai hana. Ya kulle ƙofa ya tafi.

Wa ya ba shi goben?

Da safiyar Juma'a yana sa takalmi ya yanke jiki ya faɗi. Numfashi ya sarƙe. Motar asibiti ta zo, masu fararen kaya suka ɗauke shi bai san inda kansa yake ba. A wurin killace masu cutar aka tuɓe masa kaya aka ƙulle a leda, aka rubuta lambar gadonsa a jiki, aka sa masa na'urar numfashi. Matarsa da 'ya'yansa aka rufe su a gida kwana goma sha huɗu, ba shiga ba fita.

Matar ba ta manta da surukarta ba. Ta kira wayar mai ɗinki, a kashe. Ta sake kira, a kashe. Ta ce ai ba wuta a gidan, caji ne ya ƙare. Ta kwantar da hankalinta da maganar mijinta, cewa mai ɗinki tana nan.

Ita kuwa mai ɗinki ta zo ranar Asabar duk da an hana ta. Ta tarar da kwaɗo a waje, ta buga, ta kira, ba amsa. Ɗakin ƙurya yana da nisa da titi, muryar tsohuwa kuma kun ji yadda take. Ta ce a ranta, to alhamdulillahi, ya kai ta gidansa. Wane ne zai kulle uwarsa ta waje ya tafi? Ta juya.

Bokiti ɗaya, a tsakiyar zafi, ga sha ga alwala. Ku lissafa da kanku, ni bakina ba zai iya ba.

Sai ranar Laraba mai ɗinki ta haɗu da mai askin nan a layin karɓar tallafi. Ya ce mata, "Kin ji alhaki ya kama mai gidanmu? Tun Juma'a yana asibiti, iyalinsa ma an rufe su." Yana jiran ta yi dariya. Sai ta dafe ƙirji ta ce, "Tun Juma'a? To Inna fa?" Ta bar layin, ta bar takardarta a ƙasa, ta kama gudu da goyo a bayanta.

Maƙwabta suka fito da guduma aka fasa kwaɗon ƙofa.

Ba a ɗakinta suka same ta ba. A gindin famfo suka same ta, kwance a gefe ɗaya, kofin roba a hannunta. Daga bakin ƙofarta zuwa famfon taku goma sha ɗaya ne, kuma shekara biyu rabonta da ta yi su. Da jan jiki ta zo, gwiwoyinta sun nuna. Fentin akwatin ƙarfen duk ya kankare inda ta yi ta dukansa da sanda. Da suka shiga ɗakin suka ga bokiti a kife. A bangon da ke tsakaninta da ɗakin mai ɗinki kuwa, daidai inda hannunta ke kaiwa daga kan gado, siminti ya farfashe ya zubo a kan shimfiɗa. Kwana nawa ta yi tana bugawa, sau uku, sau uku, tana sauraron a ce ga ni nan?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ma'aikatan lafiya suka yi gwaji. Ba ta da cutar. Annobar da ta ci mutane a gari ba ta taɓa ta ba. Mai askin ya ɗaga gudumar ya bugi kwaɗon famfo, duka ɗaya ya ɓalle, ruwa ya zubo. Da wannan ruwan mai ɗinki ta yi mata wanka.

Shi kuwa sai a kwana na goma sha ɗaya ya farfaɗo. Ya tambayi ma'aikaciyar jinya yau wace rana ce, ta faɗa masa. Ya ƙirga kwanaki da yatsu. Sannan ya ce a kawo masa wandonsa, ya yi ta maimaitawa har aka gaji aka kawo ledar. Ya sa hannu a aljihu, ya ji makullan duka biyun, babba da ƙarami. Ba wanda ya gaya masa komai. Ihun da ya yi, sai da marasa lafiyar ɗakin gaba suka tashi zaune.

Allah ya ba shi lafiya, ya 'yan uwa, kuma ban san ko da ya zaɓa zai zaɓi hakan ba. Ɗan kasuwa ya riga ya kama wani wuri. Labari ya bazu, ba wanda ya sake neman ɗaki a gidan ko da kyauta. Matarsa ba ta yi masa faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka ce mini tana nan." Bayan wata biyu ta kwashi 'ya'yanta ta koma wajen iyayenta, ta ce duk sanda ta dube shi sai ta ga wayar da ta yi ta kira. Shago ya mutu, don ba ya iya zama a ciki.

Ya nemi mai ɗinki har ya gano inda take, a barandar wani ɗan uwanta, keken a rufe da buhu. Ya durƙusa a gaban matar da ta taɓa durƙusa masa. Ta ce nata haƙƙin ta yafe, duniya da lahira. Sai ya yi mata tambayar da ke cinsa.

"Ta kira sunana? Ta yi mini baki, ko ta yafe mini?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Ba kowa a wurin."

Na je na gan shi da idona. Ya koma gidan shi kaɗai, ya cire ƙofar waje gaba ɗaya, ya bar famfon ga duk mai so. Kullum da safe yakan cika bokiti ya kai ɗakin ƙurya ya ajiye, da yamma ya zubar. Ya rame ya zama abin tausayi. Na ce masa ƙofar tuba a buɗe take, rahamar Allah ta fi zunubinsa girma, kuma gaskiya na faɗa masa. Ya ce, "Malam, na sani. Ruwa ne ba na iya haɗiyewa. In na kai kofi baki sai in ji ana buga bango." Muka zauna muka yi ta kuka mu biyu.

To, ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce na haramta karɓar haya. Gidanka ne, guminka ne, haƙƙinka ne. Ɗan hayar da yake da kuɗin ya hana, ya fake da annoba, shi ma azzalumi ne. Amma wanda ke cikin ƙunci, an umarce mu mu jinkirta masa har ya samu sauƙi, tun kafin wata hukuma ta rubuta doka. Ɗan haya yana da haƙƙin ruwa, da ƙofa, da sutura, da a sanar da shi cikin mutunci. Wanda ya cire waɗannan ya kore shi, ko da bakinsa bai furta ba. Kana iya yi wa alƙali wayo, kana iya yi wa ofis wayo. Wanda ya ga hannunka a kan kwaɗon fa?

Kai mai gida, in an kawo maka takardar tallafi ka sa hannu, kada ka sa mutum ya yi ta safa da marwa a ƙofarka. Kai ma'aikacin ofis, takardar da ka bari ta kwana a teburinka, wani ne ya kwana a waje. Ku maƙwabta, gidan da kuka ga an kulle, ku tambaya wa ke ciki. Mutumin nan ya ɗauka baƙi yake kora daga gidansa, bai san su ne ke riƙe masa da uwa ba. Kai ma ba ka san ta hannun wa Allah yake rufa maka asiri ba.

Yanzu kowa ya sa hannu a aljihunsa ya laluba. Makullin wa ke ciki? In akwai abin da ka kulle wa wani bawan Allah, kada ka ce gobe da wuri. Shi ma haka ya ce.

Ya Allah ka jiƙan wannan tsohuwa, ka shayar da ita shan da ba ƙishirwa bayansa. Ka saka wa mai ɗinki da gidan da ba mai tashinta. Ka karɓi tubar ɗan, ka sanyaya masa zuciya. Ka rufa wa masu haya asiri, ka tausasa zukatan masu gidaje, ka yaye mana annoba. Allah ya kiyaye mu da hana abin da ba mu muka saukar ba, ya kiyaye mu da nadamar da ba ta dawo da kowa. Amin.